Daga Tromso zuwa Longyearbyen a Jirgin Sama: Tambayoyi da Amsoshi kan Nisa da Tsawon Lokacin Tafiya

Tromso birni ne a can arewacin ƙasar Norway, Longyearbyen kuwa shi ne babban garin tsibiran Svalbard, waɗanda ke zaune a tsakiyar teku tsakanin Norway da ƙuryar arewacin duniya. Babu hanyar mota tsakanin garuruwan biyu, babu ta jirgin ƙasa, sai teku mai tsananin sanyi. Saboda haka jirgin sama ne ke ɗaukar mafi yawan masu shiga Svalbard ko fita daga cikinta, tun daga ɗalibai da masu bincike da 'yan yawon buɗe ido, har zuwa marar lafiyar da ƙaramin asibitin Longyearbyen ya tura babban asibitin Tromso. A kan takarda tafiyar gajeruwa ce, amma abin da ake lissafawa kafin a tashi ya wuce adadin kilomitoci.

Kilomita nawa ne tsakanin filayen jirgin biyu?

Idan aka ja layi miƙaƙƙe a bayan ƙasa daga filin jirgin Langnes na Tromso zuwa filin jirgin Longyear na Svalbard, za a sami kimanin kilomita 960. A ma'aunin mil na ƙasa ya kusa 600, a ma'aunin mil na teku kuwa, wanda shi ne matuƙan jirgin sama ke aiki da shi, kimanin 520 ne. Wannan bambancin ma'auni shi ne ke rikita mutane da yawa, domin mil na ƙasa mita 1,609 ne, na teku kuma mita 1,852, kuma ba kowane mai kawo adadi ne ke faɗin wanne yake nufi ba. Wanda ya taɓa hawa jirgi daga Kano zuwa Legas, tafiyar da ba ta kai kilomita 850 ba, yana iya ƙiyasta abin da ake magana a kai: wannan ta ɗara waccan da kilomita ɗari da 'yan kai kawai.

Kusan duk nisan nan tafiya ce zuwa arewa. Tromso tana kan digiri 69 da minti 40 arewa da tsakiyar duniya, Longyearbyen kuma tana kan digiri 78 da minti 15, wato ratar ta kai digiri takwas da rabi, kuma kowane digiri ɗaya na tafiya arewa kimanin kilomita 111 ne. Karkatar da jirgin ke yi zuwa yamma kaɗan ce, ba ta ƙara wani abin a zo a gani a kan jimillar ba.

Awa nawa ake yi a hanya?

Jadawalin kamfanoni yakan nuna awa ɗaya da minti 35 zuwa 40, daga rufe ƙofa a wannan fili zuwa tsayawa a wancan. Jiragen da aka saba gani a hanyar su ne Boeing 737 da Airbus A320, kuma kamfanonin SAS da Norwegian ne aka fi sani da jigilar fasinja zuwa Svalbard.

Jirgi mai gudun fiye da kilomita 800 a awa ɗaya ai bai kamata ya wuce minti 70 ba. Ina sauran lokacin yake tafiya?

Lissafin daidai ne, sai dai jirgi ba ya yin wannan gudun tun daga tashi har sauka. Yana samun cikakken gudunsa ne bayan ya kai tsayin da zai daidaita a kai, wajen mita dubu goma zuwa sha biyu, kuma hawan kansa yakan ci kimanin minti ashirin, sauka ma haka ko fiye, domin dole ya rage gudu ƙwarai kafin ya tunkari titi. A gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka sun cinye kusan rabin lokacin da ake yi a sama. A haɗa da tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa daga wurin ɗaukar fasinja zuwa bakin titi, da jiran izinin tashi, da kuma cewa hanyar da masu kula da zirga-zirgar sama ke ba shi ba lallai ta zama miƙaƙƙiya ɗoɗar ba, musamman wajen fita daga cikin duwatsun da suka kewaye Tromso da wajen shiga mashigin ruwan Isfjorden, wanda filin Longyearbyen yake bakinsa. Kamfanoni kuma sukan ƙara 'yan mintuna a jadawali don kada kullum a ce sun makara. Shi ya sa a ranar da komai ya tafi daidai fasinja kan ga an iso kafin lokacin da aka rubuta a tikiti.

Me ya sa a taswira nisan yake bayyana kamar ya fi haka nesa ba kusa ba?

Laifin taswira ne, ba na ido ba. Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, kuma ba yadda za a yi a baje ɓawon lemo a kan faranti ba tare da an yaga shi ko an ja shi ba. Irin taswirar da aka fi liƙawa a bangon aji, wadda kuma manhajojin waya suka daɗe suna amfani da ita, tana jan ƙasashen da ke kusa da ƙuryoyin duniya har su kumbura. A zahiri layukan da ke tashi daga kudu zuwa arewa suna matsowa kusa da juna yayin da ake hawa, har su haɗu a wuri ɗaya. A daidai Kano, digiri ɗaya na tafiya gabas ko yamma kimanin kilomita 109 ne. A Tromso ya ragu zuwa kimanin 39. A Longyearbyen bai wuce 23 ba. Taswirar kuwa tana zana su duka da faɗi ɗaya, sannan ta ƙara wa tsawon ma don siffar ƙasa ta tsaya daidai. Sakamakon haka Svalbard takan fito kamar wata babbar ƙasa, alhali faɗin tsibiran gaba ɗaya kimanin murabba'in kilomita 61,000 ne, bai kai na Jihar Borno ba. Wanda ya ɗora abin awo a kan irin wannan taswira don ya gwada nisan Tromso da Longyearbyen da nisan wasu garuruwan Afirka, zai sami amsar da ta ninka gaskiya fiye da sau uku. Ƙwallon duniya da zare sun fi ba da amsa ta gaskiya.

Tafiya da dawowa lokacinsu ɗaya ne?

Kusan ɗaya ne. Iska mai ƙarfi da ke kaɗawa a sararin da jirage ke bi takan taso ne daga yamma zuwa gabas, shi ya sa mai zuwa Amurka daga Turai yake daɗewa a sama fiye da mai dawowa. Wannan hanya kuwa kudu da arewa ce, iskar takan bugi jirgin ta gefe, don haka bambancin bai cika wuce 'yan mintuna ba, kuma yau yana iya zama a tafiya, gobe a dawowa.

Idan jirgi ya isa Svalbard ya kasa sauka, ina zai nufa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce ta raba wannan hanya da sauran hanyoyi masu irin tsawonta. Jirgin da ya nufi Legas ya tarar da hadari yana da filaye da dama da zai karkata zuwa gare su cikin ƙasa da awa ɗaya. A Svalbard kuwa titi ɗaya ne tak da zai iya karɓar babban jirgin fasinja, wato na Longyearbyen. Ƙaramin filin Ny-Alesund, wani ƙauyen masu bincike a Svalbard, na ƙananan jirage ne masu farfela. Tsibirin Bjornoya, wanda ke kusan tsakiyar hanya, tashar binciken yanayi ce a kansa da mutane ƙalilan, babu titin da irin wannan jirgi zai sauka. Saboda haka idan hazo ya rufe Longyearbyen, ko iska ta yi ƙarfi ta gefe fiye da abin da aka yarda a sauka a ciki, mafita ita ce a juya a koma arewacin Norway, Tromso ko wani fili da ke kusa da ita.

Ma'anar wannan ita ce matuƙin jirgi ba kilomita 960 yake lissafawa ba lokacin da ake zuba mai. Yana lissafa zuwa, da ɗan kewayen jiran ko sama za ta buɗe, da dawowa, da kuma ajiyar da doka ta wajabta a sauka da ita a tanki, wato abin da ya haura ninki biyu na nisan da ke kan tikiti. Tun kafin a tashi ake duba hasashen yanayin wurin sauka da na wurin da za a koma idan ta ɓaci, kuma idan hasashen bai yi kyau ba, gara a zauna a ƙasa a jira. Fasinjan da ke zaune a ɗakin jira a Tromso, yana kallon sama garau ta taga, aka ce masa an ɗage tashi saboda yanayi, yakan ɗauka wasa ake yi da hankalinsa; yanayin da ake nufi yana can bayan teku inda idonsa ba ya kaiwa. A ganina wannan jinkiri ba abin ƙorafi ba ne. Wanda aka kai shi har saman Isfjorden, ya hango duwatsu ta tsakanin gajimare, sannan aka juyo da shi, ya yi fiye da awa uku a sama ya sauka inda ya tashi, ya fi wanda aka tsayar tun farko asarar lokaci.

Wane lokaci ne na shekara aka fi samun jinkiri?

Kowane lokaci da irin nasa. A hunturu akwai guguwar dusar ƙanƙara, da wata irin ƙaramar guguwa mai tasowa farat ɗaya a kan Tekun Barents, wanda hanyar ke ratsawa ta samansa, idan iska mai tsananin sanyi ta ratso saman ruwan da ya fi ta ɗumi. Akwai kuma aikin wanke fukafukan jirgi: kafin tashi, mota mai dogon hannu takan zo ta fesa wa fukafukai da wutsiya wani ruwa mai ɗumi da ke narkar da ƙanƙara ya kuma hana wata kamawa, domin ko siririyar ƙanƙara a kan fiffike tana rage masa ƙarfin ɗaga jirgi. Wannan kaɗai yana iya ƙara minti goma ko fiye, idan kuma akwai layi, abin ya wuce haka. A bazara matsalar hazo ce, wanda ke kwantawa a kan mashigin ruwa ya ƙi tashi. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne sanyi kansa bai cika hana tashi ba. Jirgi yana samun ƙarfi sosai a iska mai sanyi saboda ta fi kauri, kuma ma'aikatan filayen nan sun saba da share dusar ƙanƙara kamar yadda ake share tsakar gida. Ba kullum ma matsalar daga Svalbard take ba, domin Tromso gari ne mai yawan zubar dusar ƙanƙara, yayin da Longyearbyen wuri ne busasshe mai ƙarancin ruwan sama.

Gaskiya ne an shimfiɗa titin jirgin Longyearbyen a kan ƙanƙara?

Ba a kan ƙanƙara zalla ba, a kan ƙasa ce wadda cikinta ke daskare shekara da shekaru, sai ɗan samanta kawai ke narkewa a bazara. Titin kwalta ne, tsawonsa ya haura kilomita biyu, kuma an buɗe filin a shekarar 1975. Wahalar irin wannan ƙasa ita ce idan samanta ya narke ya sake daskarewa, sai ta kumbura a wani wuri ta lotsa a wani, kwaltar ta yi tudu da kwari, saboda haka an sha yi wa titin gyara tun bayan buɗe shi. Ɗumamar yanayi ta ƙara wa abin nauyi, domin Svalbard na cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya; a watan Yulin 2020 ma'aunin zafi a wannan filin ya nuna digiri 21.7, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin awon wurin. Ga fasinja dai wannan bai canza tsawon tafiya ba, sai in aikin gyara ya sa an sauya lokutan sauka.

Sauka a can tana da haɗari?

Filin yana bakin ruwa ne, duwatsu kuma sun kewaye shi, don haka hanyoyin tunkararsa ƙayyadaddu ne kuma ba a yin ganganci da su. Hatsarin jirgin sama mafi muni a tarihin Norway a nan ya faru: ranar 29 ga Agustan 1996, wani jirgin Rasha ƙirar Tupolev 154 da ya taso daga Mosko, ɗauke da ma'aikatan haƙar kwal 'yan Rasha da Yukren da iyalansu, ya kauce daga layin da ya kamata ya bi cikin gajimare, ya daki dutsen Operafjellet, mutum 141 da ke ciki duka suka rasu. Bincike ya danganta abin da kurakuran gane hanya yayin tunkarar titin ta ɓangaren tudu. Kayan aikin gane hanya da na gargaɗin kusantar ƙasa da ke cikin jiragen yau sun yi wa na wancan zamani nisa, kuma jiragen fasinja suna sauka a filin duk shekara, har cikin watannin da ba a ganin rana.

Wanne ya fi: tashi kai tsaye daga Oslo, ko biyowa ta Tromso?

Daga Oslo zuwa Longyearbyen kai tsaye kilomita 2,000 ne da ɗoriya kaɗan, kimanin awa uku. Daga Oslo zuwa Tromso kuwa kimanin kilomita 1,100 ne, ƙasa da awa biyu kaɗan. Idan aka haɗa wannan da 960, za a ga cewa ratsawa ta Tromso ba ta ƙara nisa sosai ba, domin garin yana kusan kan hanya. Lokaci ne take ci. Jirgin da ya yada zango a Tromso yakan sauke fasinjojinsa duka da jakunkunansu na hannu, su bi layin duba fasfo, sannan su koma cikin jirgin da suka fito, galibi kan kujerun da suka bari, kuma tafiyar gaba ɗaya takan kai awa huɗu zuwa huɗu da rabi. Mai gaggawa ya nemi na kai tsaye. Wanda ke da kwana ɗaya na rara kuwa, kwana a Tromso yana rage masa fargabar rasa jirgi idan na farko ya makara, domin jiragen Svalbard ba su da yawa a rana, kuma a wasu watannin wanda ya rasa na yau sai gobe ko jibi.

Me ya kawo duba fasfo, alhali Svalbard ƙasar Norway ce?

Yarjejeniyar Svalbard ta 1920 ta ba Norway mulkin tsibiran, tare da sharuɗɗan da suka ba 'yan ƙasashen da suka sa hannu damar zama da neman abinci a can. Lokacin da Norway ta shiga tsarin Schengen na ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya, an bar Svalbard a waje. Saboda haka mai tashi daga Tromso zuwa Longyearbyen, a idon doka, fita yake yi daga yankin Schengen, mai dawowa kuma sabuwar shiga yake yi.

A nan ne mai fasfon Najeriya, ko Nijar, ko Gana, ko Kamaru, ko Chadi, ko Sudan ya kamata ya buɗe ido. Svalbard kanta ba ta neman biza daga kowa, amma jiragen fasinja na yau da kullum ta Norway suke bi, don haka sai da bizar Schengen za a isa. Kuma bizar shiga sau ɗaya ba ta wadatar ba, domin an cinye ta tun ranar da aka sauka Turai. Da zarar an wuce wurin duba fasfo na fita a Tromso ko Oslo, ba a da izinin sake shigowa, hanyar komawa gida kuwa ta nan ce kaɗai. Wajibi ne a nemi mai shiga sau biyu ko fiye, a kuma faɗa a fili tun wajen cike takarda cewa Svalbard za a je.

Akwai bambancin agogo tsakanin garuruwan biyu?

Babu. Agogonsu ɗaya ne da na Oslo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris ya yi daidai da agogon Najeriya da Nijar, a sauran watannin kuma yana gaba da awa ɗaya.

Abin da ke canzawa shi ne rana, kuma canjin da ake gani cikin awa ɗaya da rabi ya isa ya rikita baƙo. A Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli, ba ta kuma fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. A Longyearbyen kowanne ya kusa ninkawa ko ma ya wuce haka: rana tana sama dare da rana daga wajen 20 ga Afrilu zuwa wajen 22 ga Agusta, tana kuma ɓacewa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu. Wanda ya tashi daga Tromso da tsakar rana a ƙarshen Janairu zai bar gari da ɗan haske a kan duwatsu, jirgi ya hau sama ya ga rana sosai a gefen kudu, domin daga wannan tsayin ido yana leƙa bayan inda sama ta haɗu da ƙasa da kimanin digiri uku. Sannu a hankali sai ta yi ja, ta nutse ta bayan jirgin, ya sauka Longyearbyen cikin duhu da fitilun titi a kunne, agogon hannunsa kuwa yana nuna lokacin azahar. Musulmin da zai yi wannan tafiya yana bukatar ya tambayi malamai tun daga gida yadda zai ƙaddara lokutan salla da azumi, domin a irin waɗannan wurare wasu suna bin lokutan Makka, wasu kuma na gari mafi kusa da dare da rana ke rarrabuwa a cikinsa.

Me ake gani ta taga?

Minti goma na farko duwatsu ne da tsibirai da mashigan ruwa na gaɓar Norway. Daga nan sai teku, ko kuma, a mafi yawan ranaku, farin gajimare shimfiɗe har iyakar gani. Idan an yi sa'ar sama ta buɗe, kusan rabin awa na ƙarshe shi ne ladan tafiyar: kudancin Spitsbergen, babban tsibirin da Longyearbyen ke kansa, yakan bayyana da duwatsu masu tsini, baƙaƙe, tsakaninsu kuma kogunan ƙanƙara suna gangarowa har cikin teku. Babu gari, babu hanya, babu bishiya ko ɗaya. Gab da sauka, a jikin tudun da ke saman filin, ana iya hango wani siririn gini na kankare da ya fito daga cikin dutse. Ƙofar rumbun ajiyar irin shuka na duniya ce, wanda aka buɗe a 2008, kuma cikin irin da ke kwance a can akwai wake da sauran amfanin gona da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta aika.

Shin wannan ne filin jirgi mafi nisa a arewacin duniya?

Shi ne mafi arewa cikin waɗanda kowa zai iya sayen tikiti ya sauka a jirgin fasinja mai jadawali. Daga nan zuwa ƙuryar arewa kimanin kilomita 1,300 ne suka rage. Akwai titunan jirgi da suka fi shi arewa, kamar na Alert a Kanada da na Nagurskoye a Rasha, amma na soja ne da ma'aikatan gwamnati. A cikin Svalbard ɗin ma Ny-Alesund ta fi Longyearbyen arewa, tana da nisan kilomita ɗari da 'yan kai, ƙaramin jirgi mai farfela yana kai mutane cikin ƙasa da rabin awa, sai dai kujerunsa na masu bincike ne da ma'aikatan tashar, ba a sayar wa mai yawon buɗe ido haka kawai. Daga wannan ƙauye ne jirgin balan-balan mai suna Norge ya tashi a watan Mayun 1926 ɗauke da matafiyan bincike Roald Amundsen da Umberto Nobile da Lincoln Ellsworth, ya ratsa ta saman ƙuryar arewa ya sauka a Alaska bayan kimanin kwana uku.

Idan mutum ba ya son jirgin sama fa?

Sai jirgin ruwa, kuma tafiyar da jirgin sama ke yi cikin minti ɗari takan ɗauke shi kwana biyu zuwa uku, a kan tekun da ba a san shi da kwanciya ba. Jiragen dakon kaya suna zirga-zirga daga Tromso, su ne ke kawo mafi yawan abinci da kayan gini, na 'yan yawon buɗe ido kuma a bazara suke zuwa. Kafin 1975 haka rayuwar garin take: tun daga 1906 da Ba'amurke John Munro Longyear ya kafa shi don haƙar kwal, jirgin ruwa na ƙarshe yakan tashi a kaka, ƙanƙara ta rufe mashigi, mutane su zauna har bazara. Daga baya an riƙa saukar da jirage jefi-jefi a kwarin Adventdalen, a kan wani fili da ba ya amfani sai ƙasa ta daskare.

Daga Najeriya gaba ɗaya tafiyar za ta ɗauki tsawon wane lokaci?

A miƙe, daga Kano zuwa Longyearbyen kimanin kilomita 7,400 ne, kuma kusan arewa sak, amma babu jirgin da ke bin wannan layi. Mai tafiya zai tashi daga Abuja ko Legas zuwa ɗaya daga manyan filayen Turai, kimanin awa shida zuwa bakwai, daga nan zuwa Oslo kimanin awa biyu, sannan awa uku zuwa Svalbard, ko huɗu da rabi ta Tromso. Zaman cikin jirgi kaɗai ya kai awa goma sha ɗaya zuwa sha uku. Jira tsakanin jirage ne ke mayar da ita tafiyar kwana ɗaya cur ko fiye, domin ba kasafai lokutan ke haɗuwa ba tare da an kwana a Oslo ko Tromso ba. A dawowa ya kamata a bar rata mai faɗi tsakanin jirgin Svalbard da na Afirka, musamman idan tikitin ba a haɗe aka saye su ba, saboda idan hazo ya riƙe na farko, na biyun ba zai jira ba.

Bayan an sauka, nawa ne nisan filin da cikin gari?

A duka ɓangarorin kimanin kilomita biyar ne. Filin Langnes yana kan tsibiri ɗaya da tsakiyar Tromso, bas ko tasi na kai mutum cikin minti goma zuwa sha biyar. A Longyearbyen ɗakin karɓar kaya ƙarami ne, a tsakiyar bel ɗin da ke juyo da jakunkuna an tsayar da wani farin beyar, babbar dabbar nan mai haɗari ta yankin ƙanƙara, da aka cushe fatarsa, a waje kuma akwai sanda mai allunan da ke nuna nisan manyan biranen duniya. Bas yana jiran kowane jirgi, yana bi masauki-masauki yana sauke mutane, kuma cikin minti goma zuwa ashirin an isa. Titunan mota na yankin duka ba su wuce 'yan gomman kilomitoci ba, kuma ba su haɗa garin da wani gari ba. A inda gidaje suka ƙare akwai allon gargaɗi mai hoton beyar, kuma daga nan ba a wucewa sai da abin korarsa da bindiga, ko tare da ɗan jagora mai ɗauke da su.